American Bully: Karen da ake saye don ƙwanji, a manta da ɗawainiyarsa

Duk mai yawan leƙa Instagram ko TikTok zai yi wuya a ce bai taɓa cin karo da hotonsa ba. Kare ne mai faɗin ƙirji da ƙaton kai, jikinsa a murɗe kamar na ɗan dambe, galibi an rataya masa sarƙa mai kauri a wuya. Sunansa American Bully.

Masu kiwon karnuka a Legas da Abuja suna tallata 'ya'yansa a intanet, kuma tallan yana isa wayar matashin da ke Kano ko Kaduna ko Jos kamar yadda yake isa wayar kowa. Da yawan masu sha'awarsa abu biyu ne a ransu: a gan su da shi, kuma ɓarawo ya ji tsoron gidansu.

Sai dai babban samfurin wannan karen, wanda ake kira XL, shi ne aka haramta mallakarsa ba tare da takardar izini ba a Ingila da Wales tun ranar 1 ga Fabrairun 2024, bayan ya yi sanadin mutuwar mutane.

Wannan ya isa ya sa mai niyyar saye ya tsaya ya yi tunani. American Bully kare ne da aka samar don zama da mutane. Yana buƙatar lokaci da kuɗi da tarbiyya fiye da yadda hotonsa ke nunawa. Wanda ya saye shi don ado ko gadi, ya ɗaure shi a bakin ƙofa cikin rana, ya cuci dabbar, kuma ya ajiye wa unguwarsa haɗari.

Daga ina ya fito?

Tushensa yana komawa Ingila, inda a da ake haɗa karnuka faɗa da bijimai don nishaɗin 'yan kallo. Da aka haramta wannan wasa a 1835, sai masu caca suka koma haɗa kare da kare a ɓoye. Jikokin waɗannan karnukan ne aka tsallaka da su Amurka, inda aka samu nau'in da ake kira Pit Bull da ɗan'uwansa American Staffordshire Terrier.

Tsakanin shekarun 1980 da 1990 wasu masu kiwo a jihar Virginia da kudancin California suka fara haɗa waɗannan nau'ukan biyu, daga baya aka surka da jinin Bulldog. Burinsu shi ne su samu kare mai kaurin jiki da ban tsoro a ido, amma mai sanyin hali da za a iya zama da shi a cikin iyali.

A 2004 aka kafa ƙungiyar American Bully Kennel Club don rajistarsa. A 2013 ƙungiyar United Kennel Club ta amince da shi a matsayin nau'i mai zaman kansa, ta kuma sa shi a rukunin karnukan abokan zama. Ba ta sa shi a rukunin masu gadi ba. A ƙa'idar da ta rubuta masa, nuna faɗa ga ɗan Adam aibi ne a jikinsa.

Yana zuwa da girma daban-daban. Matsakaicin namiji tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa yana tsakanin santimita 43 da 51. Wanda ya haura haka shi ne XL, kuma babbansa yakan wuce kilo 50, wato nauyin buhun siminti. Idan ya samu kulawa yakan rayu shekara 10 zuwa 12.

Halinsa

Waɗanda suka rene shi yadda ya kamata suna yabon sa da son mutane. Yana manne wa mai shi, yana son wasa, yana saurin koyo idan ana ba shi lada, kuma ba ya son a bar shi shi kaɗai na tsawon lokaci.

A nan ne lissafin mai neman maigadi yake fara karkacewa. A ƙasar Hausa an san kare da aiki uku: gadi da farauta da tsaron garke, kuma su ne malamai suka yi bayanin halaccin ajiye kare dominsu. Mutum yana ganin ƙirjin American Bully sai ya ɗauka ya samu sarkin masu gadi.

Da ya kawo shi gida ya ga yana kaɗa wa baƙo jela, sai ya ce karen ya lalace. Daga nan sai a fara abin da ake kira "sa masa zafi": a kulle shi a keji ba ya ganin kowa, a riƙa dukansa, a hana shi abinci, a riƙa zuga shi idan mutum ya gifta. Abin da wannan ke haifarwa shi ne kare mai tsoro da fushi, wanda ba ya bambance ɓarawo da ɗan maƙwabci.

Amma kuma akwai gaskiyar da masoyansa ba sa son ji. Suna yawan cewa babu mugun kare sai mugun mai kare. Rabin magana ce. Hali yana bin jini kamar yadda siffa take bi, kuma wannan nau'i ne da ya fito daga zuriyar karnukan faɗa, ga shi kuma masu neman kuɗi suna haɗa uwa da ɗa ko wa da ƙanwa don su samu ƙaton kai, ba tare da duba halin iyayen ba. Wasu daga cikinsu ba sa jituwa da sauran karnuka ko dabbobi, musamman idan sun balaga.

Sannan ƙarfi yana da nasa hukuncin. Idan ƙaramin kare ya fusata, yakan bar mutum da rauni a ƙafa. Idan mai kilo 50 ya fusata, babban mutum ma ba lallai ya iya janye shi ba.

Abin da ya faru a Birtaniya

A Nuwamban 2021 wani XL ya kashe yaro ɗan shekara 10 a garin Caerphilly da ke Wales, a gidan da ya je wajen abokinsa. A Satumban 2023 bidiyon wani kare yana kai wa yarinya 'yar shekara 11 hari a kan titi a Birmingham ya karaɗe intanet. Bayan 'yan kwanaki wasu karnuka biyu suka kashe wani magidanci a yankin Staffordshire.

Ranar 15 ga Satumban 2023 Firaministan wancan lokacin, Rishi Sunak, ya sanar cewa za a haramta nau'in. An shigar da shi ƙarƙashin dokar karnuka masu haɗari ta 1991.

Daga 31 ga Disamban 2023 ya zama laifi a sayar da XL ko a hayayyafa shi ko a bayar da shi kyauta ko a yasar da shi, kuma dole a sa masa takunkumi da igiya a duk inda jama'a suke. Wanda yake son ci gaba da riƙe nasa sai da ya biya fam 92.40 na takardar izini, ya yi wa karen inshorar ɓarnar da zai iya yi wa wani, ya sa a dasa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, ya kuma amince a dandaƙe shi. Scotland da Ireland ma sun bi sahu da irin tasu dokar.

Wannan ƙasa ce mai rajistar karnuka da asibitocin dabbobi a kowane gari da motar ɗaukar marasa lafiya da ke zuwa cikin mintuna. Duk da haka abin ya gagare su har sai da suka kai ga haramci. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Jikin da ba a yi shi don zafin Afrilu ba

Kafin ma a zo maganar cizo, akwai maganar ran karen kansa.

Kare ba ya zufa a jiki kamar mutum, sai kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake sanyaya jikinsa. Shi ya sa karen gida da 'yan farauta ke yawo da shi a daji yake da siririn jiki da dogayen ƙafafu da dogon baki. Haka ma Azawak, karen Buzaye na Nijar da Mali. Ƙirarsu ta dace da ƙasarsu.

American Bully kishiyar haka ne. Nama ya yi masa yawa, bakinsa gajere ne, wasu ma hancinsu a matse yake. Jikinsa yana tara zafi da sauri, yana fitar da shi da ƙyar. Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39. Idan ya haura 41, gaɓoɓin cikinsa sukan fara lalacewa, kuma yana iya mutuwa cikin ƙanƙanin lokaci.

A Sakkwato da Maiduguri da Kano zafin watan Afrilu yakan wuce digiri 40 a inuwa. Kejin ƙarfe mai rufin kwano a irin wannan rana tanda ce.

Wanda zai riƙe shi a Arewa dole ya tanadi wuri mai inuwa da iska ke ratsawa, da ruwan sha da ba ya yankewa, da dabarar sanyaya wurin idan an ɗauke wuta. Fita da shi sai da sassafe ko bayan faɗuwar rana. Kwaltar da mutum ba zai iya ɗora bayan hannunsa a kai na 'yan daƙiƙu ba, za ta ƙona tafin ƙafar kare. Kuma ba a barin sa a cikin mota a rufe ko da na minti biyar ne.

Alamomin bugun zafi su ne haki mai tsanani, dalalar yawu mai kauri, jan dasashi, tangaɗi da amai. Idan aka ga haka, a kai shi inuwa, a riƙa zuba masa ruwa mai sanyi a jiki ana yi masa fifita, sannan a garzaya da shi wurin likitan dabbobi.

Ci da lafiya

Karen gida yana rayuwa da ƙanzo da ragowar tuwo da abin da ya tsinta. Wannan ba zai riƙe American Bully ba. Yana buƙatar abinci mai isasshen nama ko kifi ko ƙwai, ko abincin karnuka na buhu mai inganci. Kwikwiyo yana ci sau uku zuwa huɗu a rana, babba sau biyu. Kuɗin wannan ba ya tsayawa, wata bayan wata, har shekara goma ko fiye.

Ragowar miya tana da nata haɗarin. Albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare. Cakulan da inabi da zabibi guba ne a gare shi. Goro ma haka, domin yana ɗauke da sinadaran da ke sa cakulan da kofi su cutar da kare. Dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana tsagewa ya huda hanji.

Wani kuskuren shi ne ɗura masa abinci da magungunan ƙara ƙwanji don ya yi kyau a hoto. Wannan nau'i dama yana da raunin gaɓar ƙugu da ta gwiwar hannu, waɗanda ake gado. Kowane kilo da aka ƙara masa na ƙiba, a kan waɗannan gaɓoɓin yake sauka. Kare mai lafiya shi ne wanda idan aka shafa gefensa za a ji haƙarƙarinsa ba tare da an danna ba.

Fatarsa ma tana da saurin kamuwa da ƙaiƙayi da ƙazuwa. Ga kaska, wadda ke yawaita da damina, tana sa wa kare cututtukan da ke shanye masa jini. Maganin kaska da ƙuma da tsutsar ciki abu ne na yau da kullum, kuma likita ne zai faɗi wanda ya dace. Fesa masa maganin ƙwarin gona, kamar yadda wasu ke yi, yana iya kashe shi.

Allurar rigakafi tana farawa tun yana sati shida zuwa takwas, a riƙa maimaitawa bayan sati uku zuwa huɗu har ya kai sati 16. Ita ce ke kare shi daga cutar amai da gudawar jini mai kashe 'yan kwikwiyo. Ta ciwon haukan kare ana yin ta idan ya kai wata uku, sannan a riƙa sabuntawa.

Yanke masa kunne da ake yi don ya ƙara kwarjini ba shi da wani amfani ga lafiyarsa. A Ingila da Wales laifi ne ƙarƙashin dokar kula da dabbobi ta 2006.

Cinikin biri a sama

Yawancin matsalar tana farawa ne ranar saye. Mutum ya ga hoto a waya, ya tura kuɗi, a sako masa kwikwiyo a motar haya. Bai ga uwar ba, bai ga uban ba, bai san ko an yi masa allura ba.

Mai saye da hankali yana zuwa da ƙafarsa ya ga inda aka haifi kwikwiyon. Yana duba uwar: shin tana sakin jiki da baƙo, ko sai an riƙe ta? Yana neman katin rigakafi mai sa hannun likita. Ba ya karɓar kwikwiyon da bai kai sati takwas ba, domin a wurin uwa da 'yan'uwa yake koyon iyakar cizon wasa.

Ya kuma yi hattara da abin da ake tsawwala wa kuɗi da sunan "ba kasafai ake samu ba". Masu gajerun ƙafafu a karkace da ƙirji yana jan ƙasa, nakasa ce aka mayar ado, kuma da yawansu numfashi da tafiya ma wahala suke yi musu. Masu launin dabbare-dabbare kuwa, idan aka haɗa irinsu biyu, kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan yana fuskantar haɗarin makanta ko kurumta.

Icce tun yana ɗanye

Makonnin farko na rayuwar kare, daga sati uku zuwa kusan 14, su ne lokacin da yake tantance abin tsoro da abin da ba na tsoro ba. A cikinsu ne ya kamata ya saba, a hankali, da yara da tsofaffi, da mai babbar riga da mai hijabi, da ƙarar babur da ta janareta, da awaki da kaji.

Tun yana ƙarami ake koya masa zama da tsayawa da zuwa idan an kira shi da sakin abin da ya kama. Tun lokacin ake saba masa da igiya da takunkumi. Wanda ya bari sai ya kai kilo 40 kafin ya fara, karen ne zai riƙa jan sa a titi. Horo da lada, wato ɗan nama ko yabo idan ya yi daidai, ya fi bulala tasiri, kuma ba ya barin tsoro a zuciyar dabbar.

Yana buƙatar kamar awa ɗaya ta tafiya da wasa kowace rana. Wannan aikin mai kare ne da kansa. Ba a damƙa shi ga yaron gida ko maigadin da yake tsoronsa. Wanda yake fita da asuba ya dawo bayan isha'i, ko mai niyyar barin gari bayan shekara ɗaya, ya haƙura da shi.

Gidan Bahaushe ba ya rufuwa

Akwai abin da ya bambanta unguwannin Hausawa da garuruwan da aka samar da wannan karen. A nan yaran maƙwabta suna shiga gida da gudu ba tare da jiran a amsa sallama ba. Almajiri yana tsayawa a zaure. Mai talla tana leƙowa, mai garuwa yana turo ƙofa, mata suna shiga barka da gaisuwa. Babu ɗaya daga cikinsu da aka yi shawara da shi kafin a sayo karen, amma su ne za su fara haɗuwa da shi ranar da aka manta ƙofa a buɗe.

Don haka mai irin wannan kare yana buƙatar katanga mai tsayi, da ƙofa biyu tsakanin karen da titi, da rubutun gargaɗi a waje, da sanar da maƙwabta baki da baki. Ba a barin sa da ƙaramin yaro su kaɗai, komai sabonsu, ko ɗan gidan ne.

Cizo a nan yana da haɗari na biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, kusan babu mai tsira. Tsadar kare ba ta hana shi ɗaukar cutar. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Haramci ko riƙe mai kare?

Wasu za su ce Najeriya ta bi sawun Ingila kawai ta haramta shi. Maganar tana da hujja, amma da wuya ta yi aiki.

A can ma manyan ƙungiyoyin kula da dabbobi irin su RSPCA da ƙungiyar likitocin dabbobi ta Birtaniya sun soki matakin. Ɗaya daga cikin dalilansu shi ne da awon tsayi da siffa ake gane karen da dokar ta shafa, kuma mai neman kare don tsoratarwa zai koma wani nau'in ne kawai. Ƙasar Holan ta haramta Pit Bull a 1993, ta soke haramcin a 2008. A ƙasar da ba a san adadin karnukan da ke cikinta ba, haramci zai tsaya a takarda, cinikin kuma ya koma ɓoye.

Abin da ya fi kusa da yiwuwa shi ne jihohi da ƙananan hukumomi su riƙe mai kare, ko wane nau'i ya ajiye. A wajabta rajistar duk babban kare da sunan mai shi da adireshinsa. A haɗa rajistar da shaidar allurar haukan kare, wadda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato take samarwa a cikin gida. A wajabta igiya da takunkumi a titi. A sa ido kan masu hayayyafawa da sayarwa. Kuma doka ta fito ƙarara cewa idan kare ya yi ɓarna, mai shi ne zai biya kuɗin magani da diyya, ya kuma fuskanci kotu idan sakaci ne.

Kafin hukuma ta motsa, hukuncin yana hannun mai saye. Ya tambayi kansa ko yana da inuwa da katanga, da kuɗin abinci da na likita na shekara goma, da awa ɗaya kowace rana, da yardar iyalinsa da maƙwabtansa. Idan ɗaya ya faɗi, barin sayen ya fi alheri gare shi da karen da yaran layinsu. Idan gadi yake nema, karen gida da aka yi wa rigakafi aka kuma ciyar da shi da kyau yana haushi ya tashi mutane, yana jure zafi, kuma ba ya cin rabin albashi.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya sayi kare mai nauyin buhun siminti, ya san nauyin duk abin da karen ya aikata a wuyansa yake.